Bordeaux: Yadda ƙananan manoman inabi a Faransa ke tumɓuke gadon kakanninsu

A lardin Gironde da ke kudu maso yammacin Faransa, inda birnin Bordeaux yake, an shafe ɗaruruwan shekaru ana auna arzikin iyali da yawan layukan inabin da ke bayan gidansu. Amma tun daga hunturun 2023 zuwa 2024, motocin haƙa ke bin waɗannan layuka suna tuge itatuwan tun daga saiwa, a tara su tsibi-tsibi a bakin gona, sannan a cinna musu wuta. Masu gonakin ne da kansu suka cike takardun neman gwamnati ta biya su Yuro 6,000 a kan kowace hekta, domin su rabu da shukar da iyayensu suka dasa.

Wannan yanki shi ne mafi suna a duniya wajen noman inabin da ake sarrafawa zuwa giya. Shekaru kaɗan da suka wuce, gonakinsa sun kai kusan hekta 110,000. Zuwa 2024 sun sauko ƙasa da 100,000, kuma har yanzu ana ci gaba da tugewa. Mafi yawan filin da ya salwanta na ƙananan iyalai ne, waɗanda uba da uwa da 'ya'ya ke yin aikin da hannunsu, daga dashe har zuwa ɗura kwalba.

Suna ɗaya, rayuwa biyu

Darajar Bordeaux ta samo asali ne daga fatauci. A 1152, Eleanor, magajiyar ƙasar Aquitaine, ta auri Henry wanda ya zama sarkin Ingila shekaru biyu bayan haka. Auren ya sa yankin ya kasance ƙarƙashin sarautar Ingila na kimanin shekaru 300, jiragen ruwa kuma suka riƙa jigilar gangunan giya daga tashar Bordeaux zuwa Landan. A 1855, bisa umarnin Sarki Napoleon na Uku, aka jera gidajen da suka fi tsada a matakai biyar. Jerin yana nan har gobe, ɗauke da gidaje kimanin 60 masu yin jar giya, irin su Lafite da Latour da Margaux, waɗanda kwalba ɗaya daga cikinsu kan ci ɗaruruwan Yuro.

Sai dai waɗannan gidaje 'yan ƙalilan ne a cikin manoma kimanin 5,000 da ke yankin. Sauran suna warwatse ne a ƙauyuka, musamman a Entre-Deux-Mers, tsirin ƙasar da ke tsakanin kogin Garonne da kogin Dordogne. Su ma suna rubuta kalmar “château” a jikin kwalabensu, wadda asalin ma'anarta fada ce, alhali sau da yawa gidan gona ne kawai da rumbun ajiya da tsohuwar tarakta.

Farashin fili ya isa ya nuna tazarar da ke tsakani. A gundumar Pauillac, inda manyan gidajen suke, hekta ɗaya ta haura Yuro miliyan 2 a 2024. A yankunan da ke ɗauke da sunan Bordeaux zalla, ba tare da wani ƙarin laƙabi ba, hekta ta faɗo ƙasa da Yuro 10,000, wani lokacin ma ba a samun mai taya ta. Tafiyar sa'a guda ce a mota tsakanin gonakin biyu.

Shekara guda a gonar inabi

Wanda ya dasa inabi ya ɗaure kansa na tsawon rayuwa. Sabon dashe ba ya ba da amfanin da za a sayar da sunan yankin sai a shekara ta uku, kuma itacen kan yi shekaru 30 zuwa 50 yana haihuwa, wani ma ya wuce haka. Saboda haka nau'in da manomi ya zaɓa yau, ɗansa ne zai sayar da amfaninsa ga mutanen da ba a ma haife su ba tukuna. Manomin masara zai iya sauya shawara kowace damina, amma na inabi sai ya jira ƙarni na gaba.

Aikin shekara yana farawa ne a tsakiyar hunturu. Daga Disamba zuwa Maris, ana bin itatuwan ɗaya bayan ɗaya da almakashi ana datse rassan bara, a bar reshe ɗaya ko biyu, a lanƙwasa a ɗaure a jikin waya. Hekta guda kan ɗauki itace 3,000 zuwa 10,000, gwargwadon tsarin dashen. Iyalin da ke da hekta 15 na da dubban itatuwa da ke jiran hannu a cikin sanyi da yayyafi, kuma yankan da aka yi a wannan lokaci shi ke ƙayyade yawan abin da za a girba.

A ƙarshen Maris zuwa Afrilu toho ke fitowa, daga nan kuma barci ke ƙaurace wa manomi. Dare ɗaya na sanyi mai daskarar da raɓa ya isa ya ƙone tohon gaba ɗaya. Idan hasashen yanayi ya nuna haɗari, sai a kwana a gona ana kunna manyan kyandirori a tsakanin layuka, ko a ƙona bambaro domin hayaƙi ya rufe shukar. A Afrilun 2017, irin wannan sanyi ya rage girbin Bordeaux da kusan kashi 40 cikin 100. A Afrilun 2021 ya sake dawowa, ya game kusan dukkan yankunan inabi na Faransa.

Idan toho ya tsira, sai fure ya biyo baya a ƙarshen Mayu zuwa Yuni, kuma daga fure zuwa girbi kimanin kwana 100 ne. A cikin waɗannan kwanaki abokan gaba biyu ne ke gaban manomi: ƙanƙara, wadda kan kakkarya gona cikin 'yan mintoci, da cutar funfuna da ke bin ganye da 'ya'ya idan ruwa da ɗumi suka haɗu. Bordeaux na kusa da Tekun Atlantika, iskarta na da laima, don haka cutar ta zama 'yar gida. A nan ne ma wani malamin jami'a mai suna Millardet ya fito da maganinta a 1885, haɗin sinadarin tagulla da farar ƙasa, wanda ya ɗauki sunan birnin, har manoman koko na Afirka ta Yamma suka yi amfani da shi. Duk da feshi, a 2023 cutar ta taɓa mafi yawan gonakin yankin. Girbin 2024 kuwa shi ne mafi ƙaranci tun 1991.

Daga gona zuwa kwalba

A Satumba zuwa Oktoba ake tsinke 'ya'yan, da hannu ko da inji. Ga ƙaramin iyali, wannan ne lokacin da 'yan uwa da ke birni ke dawowa gida su kama aiki. Abin da ya biyo baya sana'a ce ta daban, mai buƙatar jari na daban.

Ana raba 'ya'yan da ƙararensu, a farfasa su, a zuba a manyan tankuna tare da ɓawo da ƙwallo. Ruwan baƙin inabi fari ne a asali. Launin ja daga ɓawon yake fitowa, shi ya sa ake barin su tare na mako biyu zuwa huɗu. A cikin wannan lokaci yis ke cinye sukarin da ke cikin ruwan ya mayar da shi barasa. Daga nan a tace, a matse tukar, a ajiye. Masu hali kan zuba a gangunan katako masu cin lita 225, wato kwalba 300, na tsawon wata 12 zuwa 18. Sabuwar ganga ɗaya kan ci ɗaruruwan Yuro, kuma bayan 'yan shekaru sai an sauya ta. A ƙarshe sai a gauraya nau'o'in, galibi Merlot da Cabernet, a ɗura a kwalba.

Ma'anar wannan ga aljihun manomi ita ce kuɗin da ya kashe wajen datse rassa a Janairun bana ba zai dawo hannunsa ba sai bayan shekara biyu ko fiye. A tsakani akwai albashin 'yan ƙwadago, da man tarakta, da magungunan feshi, da kwalabe, da bashin banki. Kuma ko an sayar da na bara ko ba a sayar ba, sabon girbi na tafe a Satumba yana neman tankin da za a zuba shi. Manomin da rumbunsa ya cika dole ne ya sallama a kan duk farashin da aka taya.

Kura da shan bugu

Ƙalilan ne daga cikin ƙananan manoma ke kai kwalabensu ga mai saye kai-tsaye. Tsarin da aka gada tun ƙarnonin baya ya sanya mutum biyu a tsakani: dillali, wanda ke haɗa ciniki ya karɓi la'adar kashi 2 cikin 100, da babban ɗan kasuwa, wanda ke saye da yawa ya rarraba wa manyan kantuna da ƙasashen waje. Wasu manoman kuma sukan kai 'ya'yan ga ƙungiyoyin gama kai, waɗanda ke sarrafa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na amfanin yankin.

Ma'aunin cinikin sari shi ne lita 900, daidai da kwalba 1,200. A shekarun nan farashin wannan ma'auni ya faɗo ƙasa da Yuro 1,000 ga giyar da ba ta da babban suna. Idan aka raba, abin da ke shiga hannun manomi a kan kowace kwalba bai kai Yuro ɗaya ba, kuma manoman sun daɗe suna kukan cewa hakan bai biya kuɗin da suka kashe ba. Lokacin da wasu manyan kantuna suka riƙa tallar kwalbar Bordeaux a ƙasa da Yuro 2, manoma sun yi dafifi a ƙofofinsu suna zanga-zanga.

A Fabrairun 2024 lamarin ya kai gaban shari'a. Kotun kasuwanci ta Bordeaux ta umarci wasu manyan 'yan kasuwa biyu su biya wani manomi na yankin Médoc diyyar kimanin Yuro 350,000, bisa samun su da sayen amfaninsa a farashin da ya yi ƙasa fiye da kima. Hukuncin ya dogara ne da wata dokar kare manoma da Faransa ta kafa a 2018, kuma ya ja hankalin ƙasar baki ɗaya. Sai dai kotu na iya hukunta wanda ya saya da araha, amma ba ta da ikon samar da mai saye inda babu shi.

Mashaya sun ja baya

Tushen matsalar shi ne Faransawa sun rage shan giya. A wajejen 1960, abin da mutum guda ke sha a shekara ya kai kimanin lita 120. Yanzu ya dawo wajen lita 40. A da, giya na kan teburin cin abinci rana da dare, har a makarantu. Sai a 1956 aka hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 ita a ɗakunan cin abincin makaranta, a 1981 kuma haramcin ya haɗa da manyan ɗalibai. A 1991 dokar Évin ta taƙaita tallar barasa. Matasan yau da yawa sun koma ga wasu abubuwan sha, wasu kuma sun bar barasa ɗungurungum. Jar giya ce ta fi jin jiki, ita ce kuwa kusan kashi 85 cikin 100 na abin da Bordeaux ke samarwa.

Na ɗan lokaci kasuwar ƙasar Sin ta rufe wannan giɓi. Attajiran Sin sun rungumi sunan Bordeaux, har suka sayi gidajen gona fiye da 100 a yankin. Cinikin ya kai ƙololuwa a 2017, daga nan ya riƙa zamewa har ya faɗi da fiye da rabi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a Oktoban 2019 Amurka ta ɗora harajin kashi 25 cikin 100 a kan giyar Faransa saboda rikicin tallafin kamfanonin ƙera jiragen sama, rikicin da manomin inabi bai san hawa ba bai san sauka ba. Ba a dakatar da harajin ba sai a Maris 2021, bayan annobar korona ta riga ta rufe gidajen abinci da otal-otal.

Abin bai tsaya a Faransa ba. Hukumar kula da inabi ta duniya, OIV, mai hedikwata a birnin Dijon, ta ƙiyasta cewa a 2024 duniya ta sha kimanin lita biliyan 21.4, adadi mafi ƙanƙanta tun 1961. A Ostireliya da jihar Kalifoniya ta Amurka ma manoma na tuge gonakinsu.

Ga al'ummomin da addininsu ya haramta giya, wannan raguwa abin maraba ce, haka ma ga likitoci. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutar da lafiya. Babu kuma alamar cewa mashayan da suka tafi za su dawo. Abin da ya rage a warware shi ne makomar iyalan da duk dukiyarsu ke binne a ƙarƙashin wannan shuka guda.

Gaba kura, baya siyaki

A ranar 6 ga Disamba, 2022, manoman suka cika titunan Bordeaux. Buƙatarsu ita ce a biya su Yuro 10,000 a kan kowace hekta domin a tuge hekta 15,000. Jim kaɗan bayan haka, wani bincike na majalisar manoman Gironde ya nuna cewa fiye da gonaki 1,300 ne masu su suka amsa cewa suna cikin mawuyacin hali.

Abin da aka ba su bai kai abin da suka nema ba: Yuro 6,000 a kan hekta, na fili har hekta 9,500, daga asusun Yuro miliyan 57 da gwamnati da ƙungiyar masu sana'ar suka haɗa. Wanda ya karɓi kason gwamnati sai ya yi alkawarin barin filin ya zama saura ko daji na tsawon shekaru 20. A Agustan 2023, ministan noma na lokacin, Marc Fesneau, ya sanar da kashe Yuro miliyan 200 wajen sayen rarar giya a mayar da ita sinadarin tsabtace hannu da na goge-goge da turare. A ƙarshen 2024 aka ƙara buɗe wani shiri na ƙasa baki ɗaya, na Yuro miliyan 120, a kan Yuro 4,000 kowace hekta.

Mai karatu na iya tambaya: me zai hana manomin ya kulle gonarsa kawai ya tafi? Dalili shi ne gonar inabin da aka yi watsi da ita kan zama matattarar cuta. Akwai wata cuta mai suna flavescence dorée da wani ƙaramin ƙwaro ke yaɗawa daga itace zuwa itace, kuma doka ta wajabta yaƙi da ita. Gonar da babu mai feshe ta, barazana ce ga ta maƙwabci. Tugewar kuma kuɗi take ci, domin sai an cire wayoyi da turaku kafin mota ta shiga, don haka wani kaso na tallafin a nan yake ƙarewa.

Ga tsofaffin manoma, asarar ta fi ta kuɗin shekara. Fanshon manomi a Faransa ba shi da yawa, kuma lissafin da aka saba yi shi ne a sayar da gonar ko a ba da hayarta idan ƙarfi ya ƙare. Faɗuwar farashin fili ta rushe wannan lissafi. Dokar gado ta ƙasar, wadda ta samo asali daga kundin Napoleon na 1804, ta ba kowane ɗa kason da ba za a hana shi ba. Wanda ke son riƙe gonar sai ya biya 'yan uwansa. 'Ya'ya da dama da suka ga yadda iyayensu suka ƙare da bashi sun zaɓi aikin albashi a birni.

Me zai maye gurbin inabi?

Sayar da 'ya'yan a matsayin kayan marmari ba mafita ba ce. Inabin giya daban yake da irin wanda ake sayarwa cikin 'yan robobi a bakin titunan Abuja da Kano. Nasa 'ya'yan ƙanana ne, masu kaurin ɓawo da yawan ƙwallo, ba sa jure doguwar tafiya. Komawa ga inabin ci na nufin sabon dashe, sabbin kayan aiki, da gogayya da Italiya da Sifaniya waɗanda suka daɗe da riƙe wannan kasuwa.

Saboda haka kowa na lalube ne gwargwadon ƙarfinsa. Wasu sun dasa zaitun, suna fatan ɗumamar yanayi za ta sa ya karɓi ƙasar. Wasu sun koma kiwo, ko noman kiwi, ko ba da hayar fili ga kamfanonin wutar sola. Daga cikin waɗanda suka tsaya a kan inabi, akwai masu sauyawa zuwa farar giya da mai kumfa, waɗanda kasuwarsu ta fi ta ja tsayuwa, da masu buɗe ƙofar gidajensu ga 'yan yawon buɗe ido domin su sayar ba tare da dillali ba. Tun a ƙarshen 2021 Tarayyar Turai ta amince da sayar da giyar da aka cire wa barasa a ƙarƙashin dokokin sana'ar, kuma wasu ƙungiyoyin gama kai sun sayi injinan yin hakan. A shekarar ce kuma aka yarda wa manoman Bordeaux su gwada sabbin nau'o'i shida masu jure zafi da cuta, a kan abin da bai wuce kashi 5 cikin 100 na gonarsu ba.

Yankin ya taɓa ganin tashin hankali makamancin wannan. A 1863 wani ƙwaro mai cin saiwa, phylloxera, wanda ya shigo daga Amurka, ya bayyana a kudancin Faransa, ya bi gonakin ƙasar yana kashewa har sai da aka sake dasa mafi yawansu. Mafitar da aka samu ita ce aurar da reshen inabin Turai a kan saiwar inabin Amurka wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, kuma a kan wannan aure kusan dukkan gonakin Bordeaux suke tsaye a yau. Amma a wancan lokaci masu saye na nan suna jira, shuka ce ta gaza. Wannan karon itatuwan da ake tugewa lafiyarsu ƙalau.

Manyan gidajen da ke cikin jerin 1855 ma sun fara jin sanyin kasuwa, har sun rage farashi a shekarun baya-bayan nan, sai dai suna da jari da sunan da za su jure. Iyalin da ke da hekta 10 ko 15 a Entre-Deux-Mers ba shi da ko ɗaya. Zaitun da ya dasa bana sai ya yi shekaru kafin ya ba da man da za a sayar, bankin kuwa a ƙarshen kowane wata yake jiran nasa.